Kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa: a buɗe kai a matse shi, ko a bi ta cikin jijiya a cushe shi?

Idan hoton asibiti ya nuna cewa wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwar mutum ta yi kumburi, likitoci sukan ajiye wa majinyaci da danginsa hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a buɗe ƙoƙon kai, a isa wurin kumburin, a ɗana ɗan ƙaramin matsi na ƙarfe a wuyan kumburin, wato inda ya haɗu da jijiyar, domin jini ya daina shiga cikinsa. Ta biyu kuwa ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar jini ta gindin cinya ko ta wuyan hannu, a bi da shi har cikin kai ana kallonsa a allon na'urar hoto, sannan a cika kumburin da lallausar waya har ya toshe. Da zarar dangi sun ji cewa akwai hanyar da ba a fasa kai, zuciyarsu takan tafi can tun kafin likita ya rufe baki, kuma ba a ga laifinsu ba. Sai dai sauƙin ranar aiki abu ɗaya ne kawai cikin abubuwan da ake aunawa, kuma akwai majinyatan da hanya mai nauyi ta fi yi wa rana.

Kumburin yakan fito ne a mararrabar jijiyoyin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, inda bangon jijiya ya yi rauni, bugun jini na shekaru ya riƙa tura shi waje, kamar yadda tsohon tiyon ruwa yake kumbura a wurin da robarsa ta sirance. Kimanin mutum uku cikin kowane ɗari na manya suna ɗauke da shi, kuma akasarinsu za su ƙare rayuwarsu ba tare da ya taɓa fashewa ba. Hawan jini da shan taba su ne manyan abubuwan da ke ƙara haɗarinsa, sannan ya fi yawa ga mata, da waɗanda 'yan uwansu na jini biyu ko fiye suka yi fama da shi, da masu wata cutar ƙoda ta gado da ke sa ƙodar ta cika da ƙullutun ruwa, da kuma masu sikila, waɗanda a wasu lokuta ake samu da kumburi fiye da ɗaya. Ranar da ya fashe, jini yakan malala a kewayen ƙwaƙwalwa, mutum ya ji ciwon kai na farat ɗaya wanda bai taɓa jin irinsa ba, sau da yawa tare da amai da sanƙarewar wuya, wani lokaci har da suma. A ƙasarmu, inda sanƙarau ba baƙo ba ne musamman a lokacin zafi, wannan sanƙarewar wuya tana iya karkatar da hankali zuwa wata cutar daban, kwanaki su wuce ana ba da maganin da ba nasa ba. Mutum ɗaya cikin uku, ko ma fiye, na waɗanda kumburinsu ya fashe ba sa tsira.

Matsewa ce tsohuwar hanya. Walter Dandy, likitan tiyata a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, shi ne ya fara ɗana matsi a wuyan kumburi a shekarar 1937, amma aikin bai kai matsayinsa na yau ba sai da Gazi Yaşargil, ɗan asalin Turkiyya da ya yi aiki a Zurich, ya yaɗa amfani da na'urar ƙara girman gani a tiyatar ƙwaƙwalwa daga ƙarshen shekarun 1960. A yau ana sa majinyaci barci, a cire ɗan yanki na ƙashin kai, a bi ta tsagar da ke tsakanin sassan ƙwaƙwalwa ba tare da an yanka ita kanta ba, a ware kumburin daga ƙananan jijiyoyin da ke manne da shi, a ɗana matsin, sannan a mayar da ƙashin mazauninsa. Matsin, wanda galibi na ƙarfen titaniyom ne, yana zama a kai har abada. Babban abin da wannan hanya ta mallaka shi ne likita yana ganin kumburin da idonsa, yana iya gyara zaman matsin sau biyu ko uku har ya gamsu cewa wuyan ya rufe kuma jijiyoyin da ke kusa suna gudana.

Hanyar cikin jijiya ta taso ne mataki-mataki. Egas Moniz na ƙasar Fotugal ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta hanyar zuba musu ruwan da ke fitowa a hoto a 1927, Sven Seldinger na Suwidin ya fito da dabarar shigar da bututu cikin jijiya ta hudar allura a 1953, Fedor Serbinenko kuma ya yi ta toshe jijiyoyi da ƙananan balo-balo a Mosko cikin shekarun 1970. Wanda ya juya al'amarin shi ne Guido Guglielmi, likita ɗan Italiya da ke aiki a Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalis, wanda ya ƙera wayar filatinam mai laushi da ake turawa cikin kumburi, a duba zamanta, idan bai yi ba a janye ta, idan ya yi a sake mata ɗan lantarki ta tsinke daga sandar da ke riƙe da ita. An fara gwada ta a jikin mutum a 1990, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a 1995. Wayar tana nannaɗewa a cikin kumburin kamar ƙwallon zare, jini ya daskare a tsakankaninta, ƙofar ta toshe. Abin da majinyaci zai gani a jikinsa bayan an gama bai wuce ɗan huji a cinya ko a hannu ba.

An shekara goma ana gardama tsakanin likitocin tiyata da likitocin bututu kafin wani babban bincike da aka jagoranta daga Oxford a Ingila, wanda ake kira ISAT, ya ba da amsar da har yau ake kafa hujja da ita. An ɗauki majinyata 2,143 waɗanda kumburinsu ya riga ya fashe, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka matse na wasu, aka cushe na wasu. An dakatar da ɗaukar sababbin majinyata a 2002 domin bambancin ya riga ya fito fili. A cikakken sakamakon da aka wallafa a 2005, bayan shekara ɗaya kashi 23.5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa cushewa sun rasu ko sun zama ba sa iya kula da kansu, alhali a ɓangaren matsewa adadin ya kai kashi 30.9. Wato a cikin kowane mutum ɗari, kimanin bakwai sun tsira da lafiyarsu saboda an bi ta jijiya. Farfaɗiya ma ta fi ƙaranci a ɓangarensu. Da aka ci gaba da bibiyar majinyatan Birtaniya, aka tarar bayan shekara goma kashi 83 na masu cushewa suna raye, na masu matsewa kuma kashi 79.

Wannan sakamako ne ya sa asibitocin Turai da Amurka suka karkata ga bututu, amma akwai wani adadi da masu ambaton binciken suka cika tsallakewa. Majinyata 9,559 aka tantance, aka ɗauki 2,143 kawai, domin sharaɗin shiga shi ne likitan tiyata da likitan bututu duka su yarda cewa kowace hanya za ta iya yi wa wannan mutum aiki. Ragowar dubu bakwai da ɗoriya ba su shiga ba, da yawansu saboda tun farko an ga hanya ɗaya ce ta dace da su. Waɗanda suka shiga kuwa yawancinsu masu ƙaramin kumburi ne a jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, kuma sun iso asibiti cikin hayyacinsu. Don haka abin da binciken ya tabbatar yana da iyaka: idan hanyoyin biyu duka a buɗe suke, cushewa ta fi. Bai ce komai ba game da kumburin da surarsa ba ta karɓar waya.

Sura ita ce abu na farko da likita zai duba, kuma duk wanda ya san tulu da ƙwarya zai gane batun. Kumburi mai ƙaramin wuya da babban ciki kamar tulu yake, duk abin da aka cusa a ciki zai zauna. Mai faɗin baki kuwa ƙwarya ce, wayar tana iya zamowa ta faɗo cikin babbar jijiya ta tare hanyar jini, wanda hakan shi ne shanyewar ɓarin jikin da ake gudu. Likitoci sukan kira wuya mai faɗi idan ya kai milimita 4 ko ya zarce. Wani lokaci ma reshen jijiya mai muhimmanci yakan fito daga gindin kumburin kansa, kuma a nan hannun likitan tiyata, wanda zai iya karkata matsin ya bar wa reshen hanya, ya fi waya dabara.

Wurin da kumburin yake shi ne abu na biyu. Wanda ke kan jijiyar tsakiya ta ƙwaƙwalwa, wajen gefen kai, yana kusa da ƙashi, isa gare shi da tiyata ba wuya, sannan sau da yawa yana da faɗin wuya da rassa, shi ya sa har yanzu asibitoci da dama suke matse shi. Wanda ke can bayan kai, a saman jijiyar da ke ciyar da tushen ƙwaƙwalwa, yana cikin lungu mai zurfi kewaye da ƙananan jijiyoyi siraran gaske waɗanda toshewar ɗaya daga cikinsu kan iya hana mutum farkawa. Bututu kuwa yakan isa can kusan kai tsaye. A wannan wuri kusan babu sauran gardama, cushewa ake fifitawa.

Inda matsewa ta yi zarra shi ne ɗorewa. Wayar da aka cusa tana iya danƙarewa a hankali saboda bugun jini, ta bar fili a wuyan kumburin, jini ya sake samun mashiga. Hakan yana faruwa ga kimanin mutum ɗaya cikin biyar, kuma kimanin ɗaya cikin goma sai an sake yi musu aiki. Wani binciken da aka yi a Cibiyar Barrow da ke Phoenix a jihar Arizona ya sami irin sakamakon ISAT a shekarar farko, amma da tafiya ta yi nisa sai ya nuna cewa kumburin da aka matse ya fi rufewa gaba ɗaya, kuma sake aiki ya fi yawa nesa ba kusa ba a ɓangaren waya. Ya kamata a faɗi gaskiyar girman haɗarin, domin kada a tsorata mutane fiye da kima: a dogon bibiyar ISAT, cikin majinyatan Birtaniya 1,644, waɗanda kumburin da aka yi wa aiki ya sake fashe musu bayan shekarar farko su 13 ne a ɓangaren cushewa, 4 a ɓangaren matsewa. Adadin kaɗan ne a kowane ɓangare. Amma an same shi ne a ƙasar da ake kiran majinyaci ya dawo hoto bayan wata shida, a sake bayan shekara ɗaya ko biyu, a gyara abin da ya buɗe tun bai yi ɓarna ba. A ganina wannan shi ne abin da mai karatu daga Kano ko Maraɗi ya fi buƙatar ya riƙe. Wanda ya zaɓi cushewa ya ɗauki alkawarin dawowa, kuma ingancin aikin ya rataya a kan cika wannan alkawari.

Shekarun majinyaci suna shiga lissafin ta wannan ƙofa. Dattijo mai shekara saba'in, mai ciwon zuciya ko ciwon suga, buɗe kai yana yi masa nauyi, kuma shekarun da wayar za ta yi tana jure bugun jini ba su kai na matashi ba, don haka bututu ya fi dacewa da shi. Mai shekara talatin da biyar kuwa jikinsa ya fi jure tiyata, sannan yana iya samun shekara arba'in a gabansa idan Allah ya yi masa tsawon rai, shi ya sa wasu masana suke ganin fifikon cushewa yana raguwa ga waɗanda ba su kai arba'in ba. Akwai kuma yanayin da ba a ma tsayawa muhawara: idan fashewar ta tara babban gudan jini da ke danne ƙwaƙwalwa, dole a buɗe kai a kwashe shi, kuma tunda an riga an buɗe, a nan take ake matse kumburin.

Likitocin bututu ba su zauna sun zuba wa matsalar faɗin wuya ido ba. Suna iya hura ɗan balo a bakin kumburin na ɗan lokaci ya tare wayar har ta zauna, ko su shimfiɗa bututun raga na ƙarfe a cikin babbar jijiya ya zama shinge na dindindin. Akwai kuma raga mai ƙananan idanu ƙwarai, irin su Pipeline da aka amince da ita a Amurka a 2011, wadda ake shimfiɗawa a jijiya ta karkatar da jini daga kumburin har ya bushe da kansa cikin watanni, kuma ta kawo sauƙi sosai ga manyan kumburai na jijiyar da ke shigowa kai daga wuya. Daga baya an fito da WEB, wani ɗan kwando na waya da ake buɗewa a cikin kumburin kansa, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2018. Sai dai duk ragar da za ta zauna a cikin babbar jijiya tana jawo daskarewar jini, don haka sai majinyaci ya sha magungunan hana daskarewa iri biyu, galibi asfirin da kilofidogirel, na tsawon watanni, sannan ya ci gaba da asfirin bayan haka. Tsallake maganin na 'yan kwanaki na iya toshe ragar. Wanda ke da gyambon ciki mai zubar jini, ko mace mai shirin ɗaukar ciki, ko wanda ke zaune inda ingancin maganin kanti ba shi da tabbas, ya wajaba ya faɗa wa likita tun kafin a tsayar da magana. Saboda wannan dalili ne ma ake kauce wa raga, in da hali, a kumburin da ya fashe jiya ko shekaranjiya.

Rashin yanka ba ya nufin rashin haɗari. A hanyar bututu, waya na iya huda kumburin ana tsakiyar aiki alhali kai a rufe yake, gudan jini na iya ɓallewa ya toshe jijiya, ruwan hoton na iya taɓa ƙodar da dama ba ta da ƙarfi, wurin hujin kuma na iya tara jini. A tiyata akwai haɗarin ƙwayoyin cuta a rauni, da farfaɗiya, da rauni ga ƙwaƙwalwar da aka ɗan janye domin a sami hanya, da matse wata ƙaramar jijiya bisa kuskure. Bambancin da majinyaci zai ji a jikinsa ya fi fitowa a kumburin da bai fashe ba, inda mai cushewa yakan koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu, mai matsewa kuma ya yi kwanaki a asibiti da makonni huɗu zuwa shida kafin ƙarfinsa ya dawo.

Ga kumburin da bai fashe ba, wanda aka gani a hoton da aka ɗauka don wani dalili daban, akwai hanya ta uku da ba a cika ba ta haƙƙinta ba, wato a bar shi a riƙa sa masa ido. Babban binciken ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa kumburin da bai kai milimita 7 ba a jijiyoyin gaba, ga wanda bai taɓa samun fashewa ba, haɗarin fashewarsa cikin shekara biyar kusan babu ne, alhali ƙaton da ya kai milimita 25 haɗarinsa ya kai kashi 40 zuwa 50. Binciken Japan na 2012 ya sami kusan kashi 1 cikin 100 a shekara idan aka haɗa kowane iri. Idan haɗarin aiki ya fi haɗarin zama, hikima ita ce a sauke hawan jini, a bar taba, a maimaita hoto. Lissafin yana sauyawa idan kumburin yana girma, ko yana da ɗan tsiro a jikinsa, ko yana bayan kai, ko akwai tarihin fashewa a gida.

Idan kuwa ya riga ya fashe, lokaci ya fi zaɓi muhimmanci. Haɗarin sake fashewa ya fi tsanani a kwana ɗaya na farko, kuma fashewa ta biyu ta fi ta farko kisa, shi ya sa ƙa'idar likitocin Amurka ta 2023 ta ce a rufe kumburin da wuri, cikin awa 24 in zai yiwu. Iyalin da ke da ƙwararren likitan tiyata a kusa, amma suka tsaya neman biza da kuɗin jirgi domin a yi aikin bututu a Indiya ko Masar, suna iya yin hasarar abin da ya fi kashi bakwai ɗin da ISAT ya nuna. Kuma ko wace hanya aka bi, rufe kumburin rabin jinya ne. Daga kwana na uku ko na huɗu zuwa na goma sha huɗu jijiyoyin ƙwaƙwalwa sukan tsuke saboda jinin da ya kwanta a kansu, ruwa kuma na iya taruwa a cikin kai har sai an sa bututun zuƙe shi. Ana ba da maganin nimodifin kowace awa huɗu har kwana 21, kuma ana buƙatar ɗakin kulawa ta musamman mai ma'aikatan da za su gane sauyi cikin dare. Asibitin da ke da wannan ya fi asibitin da ke da sabuwar na'ura kawai.

Batun kuɗi yana da fuska biyu a wurinmu. Wayar filatinam da raga kayan waje ne da ake saye da dala, kumburi ɗaya yakan ci wayoyi da yawa, ɗakunan hoton jijiya da ƙwararrunsu kuma kaɗan ne a yammacin Afirka, galibi a manyan birane. Matsi ɗaya ya fi su araha ƙwarai, ko da yake kwanakin asibiti suna cin nasu rabon. Wanda zai fita waje ya lissafa har da tafiya ta biyu da ta uku, ko kuma ya tabbatar tun kafin ya tashi cewa akwai inda za a yi masa hoton MRI na jijiyoyi a gida, da likitan da zai karanta shi.

Kafin a sa hannu a takarda, yana da kyau majinyaci ko babban ɗansa ya nemi a nuna masa hoton, a faɗa masa girman kumburin da faɗin wuyansa da wurin da yake. Ya tambayi ko likitan tiyata da likitan bututu sun duba hoton tare, domin wanda hanya ɗaya kawai ya iya ita zai fi gani. Ya tambayi sau nawa asibitin yake yin irin wannan aiki a shekara, ko za a sa raga, wata nawa za a sha magani, da ranar hoto na gaba. Sannan kafin sallama ya karɓi takardar da ta ambaci sunan matsin ko wayar da aka sa masa da kamfanin da ya ƙera ta, domin duk ma'aikacin MRI mai kula da aikinsa zai nemi ganinta kafin ya shigar da shi cikin na'ura.